Babi na Shida: Danƙon Amya da Ƙurar Arlit

Mai amya a ƙasar Gaya ko Madarumfa, idan daren ɗibar zuma ya zo, abu biyu ne ke sa shi hawa itace da wuta a hannu: zuma da kaki. Amma akwai na uku da yake tararwa a bakin amyar da cikin tsagoginta, wani abu baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa, mai manne wa yatsu, mai ƙanshin turaren wuta. Yawanci kankare shi yake yi da wuƙa ya yar, domin a wurinsa datti ne da ke ɓata hasken kaki. Abin nan da ake yarwa a gindin itace shi ne kantunan magani na Turai da Japan ke ɗurawa a 'yan kwalabe, suna sayarwa da tsadar da ta ninka ta zuma. Furofolis suke ce masa. Mu a nan danƙon amya za mu kira shi.

Yana da amfani na gaskiya, kuma abin takaici ne yadda muke zubar da shi. Sai dai masu tallarsa sun ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa, har ana yaɗawa a intanet cewa yana kare jiki daga tururin nukiliya. Duk faɗin ƙasashenmu babu inda wannan magana za ta fi samun kunnen saurare kamar Arlit, don haka can za mu kai ta mu auna. Kafin nan sai mun san mene ne shi.

Ba daga fure yake fitowa ba. Itace ba shi da ƙafar gudu, a inda yake tsaye yake kare kansa. Idan aka sare shi, ko ƙwaro ya huda shi, ko sabon toho ya ɓullo, sai ya fitar da wani ruwa mai yauƙi da ke daskarewa ya rufe wurin, ya hana fumfuna da ƙwayoyin cuta shiga. Wannan ruwan ne wasu 'yan tsiraru daga cikin ma'aikatan amya ke fita nema da rana tsaka, lokacin da zafi ya tausasa shi. Ma'aikaciya takan gutsura da baki, ta tura shi cikin 'yan kwandunan ƙafafunta na baya, inda ake ɗaukar garin fure. Idan ta dawo gida ba ta iya sauke kayan da kanta, saboda manninsa. Sai ta tsaya 'yan'uwanta su zo su yi ta ciccirewa, wani lokaci har sa'o'i, sannan su cuɗa shi da kaki su kai inda ake bukata.

Kada a haɗa shi da ƙaro. Ƙaron dakwara dangin sukari ne, ruwa ke narkar da shi, shi ya sa malamai ke sa shi a tawada. Danƙon hano da na dashi da na maje kuwa wani gida ne dabam: ruwa ba ya cin su, wuta suke kamawa su ba da ƙanshi. Danƙon amya ɗan wannan gida ne. Cikin sanyin hunturu yakan taurare har ya farfashe, da zafi ya yi laushi, ya narke idan zafin ya kai digiri 60 zuwa 70. Wanda ya jiƙa shi a ruwa ya sha, kaɗan ya samu daga abin da ke ciki. Masana'antu galibi da barasa mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 suke tatso shi, kuma ruwan da ake sayarwa a kwalba mai ɗigo sau da yawa da barasar a cikinsa. Wanda wannan ya dama, ya karanta takardar jikin kwalba kafin ya saya.

A cikin amya aikinsa ya wuce toshe ɓaraka. Duk tsagar da ta yi wa ƙudan zuma ƙanƙanta ya ratsa, wato wadda ba ta kai milimita 6 ba, da danƙo suke cike ta. Da shi suke rage faɗin ƙofa saboda tururuwa da iska. Idan ɓera ko ƙadangare ya kutsa suka harbe shi ya mutu, ga shi ya fi ƙarfin su ja shi waje, sai su lulluɓe gawar da danƙo, ta bushe ba tare da ta ruɓe ta ɓata gidan ba. A Afirka ta Kudu an ga yadda ƙudan zuma ke gina wa wani ɗan buzuzun amya kurkuku na danƙo, su sa masu gadi a bakinsa. Galla ma, 'yar ƙaramar nan marar harbi, da danƙo gauraye da kaki take gina tukwanen zumarta.

Marla Spivak ta Jami'ar Minnesota a Amurka, da ɗalibinta Michael Simone-Finstrom, su suka nuna babban sirrin. A kogon itace, ƙudan zuma kan shafe bangon gidansu kaf da danƙo, amma akwatin zamani mai santsin katako ba ya ba su wurin yin haka. A binciken da suka buga a 2009, sun shafa danƙo a cikin wasu akwatuna, suka bar wasu haka nan. Ƙudajen da ke gidan da aka shafa sun fi ƙarancin ƙwayoyin cuta a jiki, garkuwar jikinsu kuma ba ta wahala kamar ta sauran. A 2012 suka ƙara gano cewa idan cutar fumfuna ta kama 'ya'yan amya, yawan masu fita neman danƙo yakan ƙaru. Wato gidan gaba ɗaya ke neman magani, kuma a wurin itatuwa yake arowa.

Daga nan ne matsalar masu sayar da shi ta samo asali. Littattafai kan ce a cikin kashi 100 na danƙon amya, kusan 50 danƙon itace ne, 30 kaki, 10 mai mai ƙanshi, 5 garin fure, sauran 5 tarkace. An kuma ƙirga sinadarai fiye da 300 a cikinsa. Amma waɗannan sinadarai ba a dunƙule ɗaya aka same su ba, an tattaro su ne daga samfuran ƙasashe da yawa. Danƙon amya kamar miya yake: sunan ɗaya, kowane gida da abin da ya jefa a tukunya.

A Turai da Sin da Arewacin Amurka, daga tohon itacen fofula ƙudan zuma ke ɗiba. Danƙonsu cike yake da dangin sinadaran da ake kira filabonoyid, irin su finosembirin da galanjin da kirisin, da kuma wani da aka fi sani da CAPE, wanda yawancin surutun da ake yi a kan danƙon amya a kansa aka gina shi. Vassya Bankova ta Cibiyar Kimiyya ta Bulgeriya ta shafe shekaru gommai tana bin diddigin wane danƙo daga wane itace ya fito. A jihar Minas Gerais ta Brazil danƙon kore ne, daga wani ɗan tsiro mai suna Baccharis, babban sinadarinsa atefilin C, kuma Japanawa ne manyan masu sayensa. A gaɓar tekun Alagoas, a Brazil ɗin dai, ja ne, daga itacen Dalbergia, da wasu sinadarai na dabam. Saboda wannan bambanci ne hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai, a 2010, ta ƙi amincewa da iƙirarin lafiyar da 'yan kasuwa suka nemi rubutawa a jikin kwalabensu. Hujjarta ita ce ba a fayyace wane abu ake nufi da furofolis ba, balle a ce ga abin da yake yi.

Mu fofula ba ya fitowa a ƙasarmu. Masana a Jami'ar Strathclyde ta Glasgow, ƙarƙashin David Watson, sun auna samfura 22 daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka buga sakamakon a 2014. A fiye da rabinsu, abin da ya fi yawa shi ne dangin tiraitafin, sinadarai masu kama da kitse da ake samu a ɓawon itatuwa, ba filabonoyid ɗin Turai ba. Wani samfuri daga kudancin Najeriya ya fita zakka: ja ne, kusan tagwaye da jan danƙon Brazil. Suka bi shi zuwa jihar Ribas, a 2016 suka nuna cewa a ɗakin gwaji yana kashe ƙwayar cutar barci, dangin wadda ƙudan tsando ke sa wa shanu sammore. A 2017 suka auna samfura 12 daga sassan Najeriya, a wasu suka tarar da sinadaran da aka sani a danƙon mangwaro. A Kamaru ma an ga sawun mangwaro a danƙon amya.

Wannan bincike na sammore ya fi komai burge ni, don ba kwatsam abin ya faɗo ba. Ƙudan zuma suna da nasu ƙwayoyin cuta na hanji waɗanda dangin ƙwayar sammore ne na kusa. Masu binciken suna ganin mai yiwuwa shi ya sa ƙudajen ke zaɓar danƙon da ke kashe wannan dangi. Idan haka ne, ƙudan zuma sun riga sun yi mana rabin aikin tantance itatuwan daji, saura mu bi sawunsu. Makiyayin da sammore ya cinye wa garke ya san darajar wannan hanya. Amma har yanzu hanya ce, ba a iso ba: kashe ƙwaya a faranti dabam, warkar da saniya dabam.

Abin da za a riƙe shi ne, sakamakon da aka samu da koren danƙon Brazil bai hau kan na Gaya ba, na Gaya ma bai hau kan na Magariya ba. Kowanne sai an auna shi da kansa.

To, me aka tabbatar a jikin mutum? A farantin gwaji danƙon amya yana kashe ƙwayoyin cuta da dama, musamman masu sa maruru da ruɓar rauni da ruɓar haƙori. Ƙarfinsa a kan masu sa gudawa, irin su E. coli, bai kai haka ba. Tun da can an san shi da aikin rauni: likitocin Girka da Rum sun ambace shi, Ibn Sina ma ya yi bayanin baƙin kakin da ake samu a gidan zuma. Gwaje-gwajen zamani da suka fi ƙarfi duk a kan fata da baki suke. Man shafawa mai danƙon amya yana gaggauta warkewar ƙurajen nan da ke fesowa a leɓe bayan zazzaɓi. Ruwan kurkure baki mai danƙo yana rage kumburin dasashi. An ga alamar sauƙi ga gyambon baki na masu shan maganin ciwon daji, da kuma ƙananan ƙuna. Yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, mutane gommai, amma sun nufi wuri ɗaya, kuma hankali ya ɗauka: an sa maganin ne kai tsaye a inda ciwon yake.

Da zarar an haɗiye shi, labari ya sauya. Hanji da hanta suna farfasa yawancin waɗannan sinadarai kafin su kai jini. Kirisin, alal misali, abin da ke isa jini daga wanda aka sha bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Lokacin annobar korona an yi gwaji a birnin Salvador na Brazil da majinyata 124, aka buga a 2021 cewa waɗanda aka ba koren danƙo sun fi saurin barin asibiti. Labarin ya zaga duniya. Sai dai a gwajin likita da majinyaci duk sun san wa aka ba me. Da aka sake shi da mutum 188, ba tare da kowa ya san wa ya sha danƙo wa ya sha maganin bogi ba, bambancin kwanakin asibiti ya ragu har bai kai a kafa hujja da shi ba. Wannan sakamako na biyu bai yi ƙafa kamar na farko ba, kuma ba za ka gan shi a takardar talla ba.

Yana da illa kuma. Danƙon amya na cikin abubuwan da ke sa borin fata: ƙaiƙayi, kumburin leɓe, tsagewar hannu, musamman ga masu kiwon zuma da ke taɓa shi kullum. Abin ya yi yawa har likitocin fata na Turai suka sa shi a 2019 cikin jerin abubuwan da ake gwada duk mai irin wannan ciwo da su. Mai asma, da wanda jikinsa ba ya shiri da harbin zuma, da mai shan maganin tsinka jini, su nemi shawarar likita tukuna. Na san darajar da zuma ke da ita a zukatanmu saboda ambatonta a Suratun Nahli, kuma na ga yadda ɗan talla ke jingina duk abin da ya fito daga amya da wannan daraja don ya rufe bakin mai tambaya. Tambayar nawa za a sha, kuma wa aka gwada a kansa, ba rashin imani ba ce.

Yanzu mu hau hanyar yuraniyom, daga Tawa zuwa Agadas, mu ƙara kilomita kusan 240 arewa.

Arlit gari ne da ma'adini ya haifa. Faransawa sun fara ganin yuraniyom a Azelik a 1957. Aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da kaya daga buɗaɗɗen rami a 1971. COMINAK ya biyo baya a 1974, ya soma aiki a 1978 a ramin Akuta mai zurfin mita 250, garin Akokan ya tashi a gefensa. Mutane suka kwararo daga Tawa da Maraɗi da Damagaram da tsaunukan Abzin, Hausa ta zama harshen kasuwa da tasha, a wurin da ruwan saman shekara bai kai milimita 100 ba. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, bayan ya fitar da tan dubu 75 na yuraniyom. Ya bar tarin dusar ma'adini kusan tan miliyan 20 shimfiɗe a kan hekta 120, wanda aka tsara rufewa da yumɓu da dutse masu kaurin mita biyu.

Dusar nan ba wofi ba ce. Idan aka niƙa dutse aka cire yuraniyom, 'ya'yansa da jikokinsa suna nan a cikin abin da ya rage, ɗauke da kashi 80 cikin 100 ko fiye na tururin asali. Akwai toriyom 230, wanda sai bayan shekara dubu 75 rabinsa ke ƙarewa. Shi ke haifar radiyom 226, mai shekara 1,600. Radiyom kuma ya haifi radon, iska marar launi marar wari, wadda rabinta ke ƙarewa cikin kwana huɗu ba kaɗan, amma kullum sabuwa na fitowa.

Mutanen garin ba su jira baƙo ya faɗa musu akwai damuwa ba. Almoustapha Alhacen, ma'aikacin SOMAÏR, ya ga abokan aikinsa na mutuwa da cututtukan da ba a yi musu bayani ba, shi da wasu suka kafa ƙungiyar Aghirin'man a farkon shekarun 2000. Su suka gayyato Bruno Chareyron na ɗakin gwajin CRIIRAD daga Faransa a Disamba 2003, wanda ya ba da rahoton samun ƙarafan ma'adini masu tururi a kasuwar Arlit, inda maƙera ke saye. A Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo. Rahotonta na 2010 ya ce huɗu daga cikin samfuran ruwa biyar sun wuce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, kuma a wani wuri a titin Akokan tururin ya kusa ninka na al'ada sau 500. Kamfanin Areva mai riƙe da ma'adinan a lokacin, wanda ya koma Orano a 2018, ya tsaya a kan cewa awonsa na nuna abin da jama'a ke ɗauka bai wuce ƙa'ida ba, ya kuma kwashe wasu wuraren da aka nuna. Amina Weira, 'yar tsohon ma'aikacin ma'adinin, ta ɗauki muryoyin mutanen garin a fim ɗinta na 2016, inda iska da ƙura suka cika kowane lungu.

Ka ɗauki tsohon ma'aikaci da ya yi shekara ashirin a ƙarƙashin ƙasa, yau ga tari, ga kuɗin sallama sun kusa ƙarewa. Aka turo masa saƙo a WhatsApp cewa masana sun tabbatar danƙon zuma yana kare jiki daga tururi. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, shi ya sa take da haɗari. A Jami'ar Zagreb ta Kuroshiya, Nada Oršolić da Vesna Benković da abokan aikinsu sun buga bincike wajen 2008: ɓerayen da aka yi wa allurar ruwan danƙon amya, sannan aka haska musu tururin gama mai yawa a lokaci ɗaya, ƙwayoyin jininsu sun fi na sauran tsira. Gaskiya ne an ga haka. Dalilinsa ma sananne ne. Tururin gama yawancin ɓarnarsa ta bayan gida yake yi: yana farfasa ruwan da ke cikin ƙwayar halitta, gutsattsarin su je su ci zaren gado na DNA. Filabonoyid na iya tare wasu gutsattsarin kafin su isa, idan suna wurin da yawa a daidai wannan lokaci.

Abin da ke Arlit ba haka yake aiki ba. Mutum na shaƙar radon da ƙurar da 'ya'yan radon suka manne wa, su zauna a bangon hanyoyin huhu. Daga nan suke harba tururin alfa, wanda ba ya tafiya mai nisa, ko takarda ba ya ratsawa, amma duk ƙarfinsa a 'yan ƙwayoyin da ke dab da shi yake saukewa. Yana tsinka zaren gado kai tsaye, gida biyu, a wuri ɗaya, irin tsinkewar da jiki ke shan wahalar ɗinkewa. Masu tare gutsattsari ba su da wani abin kirki da za su iya a nan. Kuma ba harbi ɗaya ba ne kamar na ɓeran Zagreb, kaɗan-kaɗan ne, dare da rana, shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa radon a matsayi na biyu bayan taba wajen jawo ciwon dajin huhu, kuma mahaƙan Schneeberg a Jamus sun yi ta mutuwa da wannan ciwo tun ƙarni na 16, kafin a san sunan abin da ke kashe su. Yuraniyom da ke cikin ruwan sha kuwa, ƙoda yake fara taɓawa, a matsayinsa na ƙarfe mai guba. Danƙon amya ba ya fitar da shi daga jiki, ba ya wanke ƙurar dutse daga huhu, ba ya ɗinke abin da ya tsinke shekara goma da suka wuce.

Abubuwan da ke karewa sanannu ne, ba su da daɗin talla ne kawai: iska mai ratsa rami da ɗaki, jiƙa ƙura, rufe dusa, hana ƙarfen ma'adini shiga kasuwa ya zama tukunya ko ƙyauren gida, ruwan sha daga rijiyar da aka auna. Ga mutum shi kaɗai, babu abin da ya kai barin taba, domin taba da radon idan suka haɗu a huhu ɗaya ninka juna suke yi. Tarin da ya wuce mako biyu kuma na asibiti ne. Sau da yawa tarin fuka ne, wanda ke warkewa da maganin wata shida, kuma ya fi kama huhun da ƙurar dutse ta riga ta raunana. Duk watan da malam ya yi yana ɗiga danƙo a shayi yana jiran sauƙi, wata ne da cutar ta samu kyauta, iyalinsa kuma suna shaƙa tare da shi. Wannan ne ke ɓata mini rai da masu irin wannan talla, fiye da kuɗin da suke karɓa.

Amma akwai wata alaƙa ta gaske tsakanin danƙon amya da gari irin Arlit, kuma ta juya wa ta 'yan talla baya. Abin da ya sa danƙo ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, shi ne ya sa yake kwasar duk abin da ke wurin, mai kyau da marar kyau. Yana da manni, yana da maiƙo, a sarari yake a jikin itace kafin a ɗebo shi, ƙura na sauka a kansa. Awo a ƙasashe da dama ya nuna dalma da sauran ƙarafa masu guba sun fi taruwa a danƙo fiye da zuma. Idan itatuwa suka yi ƙaranci ma, ƙudan zuma ba sa komawa hannu rabbana, duk abin da ya yi yauƙi ɗauka suke yi, har fenti. A Riyad, birnin hamada, masana na Jami'ar Sarki Sa'ud sun buga a 2015 cewa sun sami kwaltar titi a cikin danƙon amyoyin da ke cikin gari. Mai sha'awar tara danƙo don sayarwa a Gaya ko Makalondi ya lura da wannan: amyarsa ta yi nesa da titi da bola da gonar da ake fesa wa maganin ƙwari, kuma akwatin katako marar fenti a ciki ya fi amyar da aka yaɓe da kashin shanu ba da danƙo mai tsabta. Abin da amya ɗaya ke bayarwa a shekara bai wuce 'yan ɗaruruwan giram ba, don haka sai an haɗa kai kafin ya zama kaya.

Wannan hali na kwashe-kwashe shi ya mai da ƙudan zuma ma'auni. Ma'aikatan amya ɗaya na yawo kilomita biyu zuwa uku ta kowace fuska, dubbansu, kowace rana, gashin jikinsu na ɗaukar ƙura, suna shan ruwa a kowane kududdufi, su dawo da komai wuri ɗaya. A binciken da ya buga a 1985, Jerry Bromenshenk na Jami'ar Montana ya sa masu kiwon zuma na yankin Puget Sound a Amurka suka tara masa ƙudaje da garin fure, da su ya zana taswirar yadda gubar asenik ta bazu daga wajen Tacoma, inda ake narka tagulla a lokacin. A Los Alamos, inda aka ƙera bam ɗin nukiliya na farko, an daɗe ana ajiye amyoyi don bin sawun tiritiyom da ke fita daga tafkunan shara. A binciken da suka buga a 2021, James Kaste da abokansa sun auna zuma 122 daga gabashin Amurka, suka sami siziyom 137 a cikin 68, ragowar gwaje-gwajen bam na shekarun 1950 da 1960. Yawansa bai kai na cutarwa ba, amma bayan shekara sittin amya ba ta manta ba.

A ganina wannan ne aikin da ya dace da ƙudan zuma a Arlit. Akwai lambuna a gefen Arlit da Akokan, inda ake noman kayan miya da ruwan ban-ruwa. A ajiye 'yan akwatuna a can, a ƙarƙashin inuwa, da ruwa kusa, domin zafin bazara na wuce digiri 40 kuma saƙa na iya zubewa. A ajiye wasu a lambunan Timiya ko Iferwan cikin Abzin, nesa da ma'adini, don a sami abin kwatantawa, tunda duwatsun yankin da ma suna da nasu yuraniyom na halitta, kuma ba a san ƙari sai an san asali. Duk bayan 'yan watanni a kankaro danƙo, a ɗebi garin fure da matattun ƙudaje, a auna yuraniyom da radiyom da dalma 210 da foloniyom 210. Ƙudan zuma ba za su auna iskar radon ba, wannan aikin na'urarsa ne da ake ratayewa a ɗaki. Ƙura da ruwa za su ba da labari, kuma su ne ke shiga salak da tumatir ɗin da garin ke ci. Zumar waɗannan akwatuna da danƙonsu ba na ci ba ne sai awo ya wanke su.

Masu iya aikin suna nan cikin ƙasa: Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai na da cibiyar nazarin sinadarai masu tururi, Agadas kuma ta sami jami'arta tun 2014. A Yunin 2024 gwamnati ta karɓe lasin haƙar ma'adinin Imuraren daga hannun Orano, a Yunin 2025 ta ayyana mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa, saboda haka tambayar da aka shekara ashirin ana yi wa kamfanin waje yanzu ta dawo gida. Gardamar Arlit tun 2003 a kan wanda ya riƙe ma'auni take: kamfani ya auna ya ce lafiya lau, baƙi su zo na mako guda su ce akasin haka, mai lambu na tsakiya bai ga takardar kowa ba. Amya kuwa mai lambu ne zai riƙe ta, shi zai kankaro samfurin da hannunsa, a raba shi biyu a aika ɗakunan gwaji biyu da ba su san juna ba. Sakamakon kuma a karanta shi a rediyon garin da Hausa da Tamajak, lamba-lamba, unguwa-unguwa, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.